Aljihun Shamuwa

Laifin Ummu Salma ne, kuma har gobe ina faɗa mata. Wa ya ce ta nuna wa Iya aljihu babu komai a ciki? Duk karatun nan nata, abin da kowane ɗan akuya a gidanmu ya sani ita ta manta da shi.

Ni ce Naja'atu, tela a Gafasa, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya. Iya Yagana kuwa kakarmu ce ta wajen uba, ita ta riƙe mu tun rasuwar Baba. Ummu Salma tun tana yarinya rediyo bai taɓa zama lafiya a gidanmu ba, sai ta buɗe cikinsa ta ga mai magana. Ta yi karatu a Kano, ta wuce ƙasar waje, sannan ta dawo mana da injiniya a gaban sunanta da wata magana mai juya kai. Wai sun ƙera jirgin sama mara matuƙi, wanda zai hau can sama da gajimare, sama da jiragen alhazai ma, ya yi watanni bai sauko ba. Hasken rana ne mansa. Aikinsa ya riƙa auna iska da hadari yana aiko wa masana, don a gane halin damina, mu daina shuka sau biyu saboda ruwan yaudara.

Maigidana, Baban Rukayya, mai bas ɗin haya tsakanin Ajingi da Kano, ya saurare ta tsaf, sannan ya ce, "Ba direba, ba fasinja, ba mai. To kwandasta fa?"

Ta ce, "Yaya, babu."

Ya girgiza kai ya ce, "Wannan mota ba za ta yi albarka ba."

Mun yi dariya, amma maganar da ke ƙasa ba ta dariya ba ce. Cibiyar binciken da Ummu Salma ke wa aiki ta yanke cewa za a gwada jirgin a wajenmu. In ya tashi ya kwana a sama har rana ta sake fitowa, za a kafa tasharsa a Gafasa, Ummu Salma ta zauna a gida tana kula da shi. In kuwa ya kasa ya sauko cikin dare, za a kwashe aikin a mayar can ƙasar da ta yi karatu, ita ma ta bi shi. Iya ta tsufa. Duk mun san in yarinyar nan ta sake tafiya, ganin da za su yi wa juna sai dai a waya, har Allah ya yi ikonsa. Ni dai tun da na ji sharaɗin nan tuwo ya daina yi mini daɗi.

Iya kuwa nata shirin daban ne. Aya kawai ta saya kwano guda, ta zuba a tukunya ta rufe ta tura ƙarƙashin gado. Na san ta mece ce. Ta dakuwar guzurin Ummu Salma ce in tafiyar ta tabbata. Dokar Iya ke nan, ba mai fita daga gidanta ba guzuri. Ko Gaya za ka, nan da nan, sai ta cusa maka ƙullin dakuwa da dabino. Amma ka dawo ka kawo mata tsaraba, sai ta sa maka albarka ta raba wa yara, ita ko lasa ba ta yi. Dalilinta mun sani, ba ma dai faɗa.

Bayan an gama cirar gyaɗa aka kawo jirgin gunduwa-gunduwa a manyan akwatuna, aka kafa rumfa a gonar Iya, aka harhaɗa shi. Jama'a, gani ya kori ji! Fukafukansa sun fi bas uku tsawo in an jera su, bayansu baƙi wuluk da farantan sola, amma mutum biyu sai su ɗaga shi ba nishi. Ummu Salma ta sa masa suna Shamuwa, tunda ita ce tsuntsuwar da ke kawo labarin damina. Ita da abokin aikinta Zulkiflu, wani dogon yaro mai yawan cewa "madalla" ko da abu ya lalace, auna komai suke yi kamar masu sayar da gwal. Ƙusa ɗaya sai an ɗora ta a sikeli. Ko fenti ta hana a shafa masa, wai nauyi ne.

Ni ma na sha nawa. Akwai 'yar laima da za ta sauko da wani ɗan akwati daga sama, ni aka ba ɗinkinta. Sau nawa Ummu Salma ta sa na warware kalmasar bakin, wai zaren ya yi yawa! Zare fa! Na ce mata, "Ke, ni nake miki kayan salla tun kina fitsarin kwance, yau ke za ki koya mini kalmasa?" Ta ce, "Yi haƙuri Yaya Naja, a can sama zare ma kaya ne." Na warware ina mita, amma laimar nan ta fito shar, ba yabon kai ba.

Ana gobe tashi, Ummu Salma ta riƙo hannun Iya ta zagaya da ita. Ta nuna mata farfela, ta nuna mata idon jirgin, sannan ta durƙusa ta jawo ɗan akwatin nan daga cikinsa kamar yadda ake jawo durowa. Maimakon ta yi dogon turanci, sai ta ce, "Iya, wannan aljihunsa ne. In yana sama muka danna masa, sai ya saki aljihun, laimar Yaya Naja ta sauko da shi a hankali. Nan gaba na'ura za a riƙa sawa. Wannan karon haka zai tafi, gwaji ne."

Iya ta leƙa ciki ta ce, "Ba komai?"

"Ba komai, Iya."

"Kwana nawa zai yi?"

"In an dace, ya daɗe. Amma gobe mu dai ya kwana."

"Me zai ci?"

"Rana."

"Da daddare fa?"

"Abin da ya tara da rana."

"Akwai sanyi a can?"

"Iya, sanyin da ya fi na ƙanƙara."

Iya ta ce, "Uhm."

Wannan "uhm" ɗin na san shi, amma hankalina na kan baƙi. Da yamma na ji luguden turmi daga ɗakinta, na ce a raina dakuwar tarar mutane ake yi, Allah ya saka wa tsohuwa.

Washegari kafin gari ya waye gonar ta cika maƙil. Mutanen Gafasa, na Ajingi, har daga Kademi an zo a kan babura, mutum uku-uku. Masu shayi sun kafa tebur, mai ƙosai ta hura wuta. Cibiya ta turo Farfesa Khaula, wata mata mai gilashi wadda fuskarta ba ta san murmushi ba, ita ce za ta yanke hukunci. An auna Shamuwa a gabanta, nauyi ya yi daidai, ta gyaɗa kai. Da aka kira salla kowa ya watse. Iya ta ce ita ƙafarta ba za ta kai ta gida ta dawo ba, a nan bakin rumfa za ta yi tata, ta kuma tsare musu kayansu. Zulkiflu har da cewa, "Madalla, Iya." Madalla kuwa!

Shamuwa ba shi da taya, don haka a saman bas ɗin Baban Rukayya aka ɗora shi a kan wani ƙarfe. Mutumin da ya ce motar ba za ta yi albarka ba, ranar nan har da sabuwar hula ya sa. Rana na leƙowa iska ta kwanta, Ummu Salma ta zauna gaban kwamfutarta ta ɗaga hannu. Baban Rukayya ya ce "Bismillahi" da ƙarfi har ana ji a Ajingi, ya taka mota a kan hanyar da aka share tsakiyar gona. Bas na gudu, fukafukai na rawa, jama'a na bi a guje, wani takalminsa a hannu, wani kofin shayinsa na zuba. Can sai muka ga haske tsakanin jirgi da mota. Ya rabu da ita! Ya ɗan duƙar da kai kamar zai yi tuntuɓe, sannan ya miƙe ya kama hanyar sama a hankali.

Wayyo Allah daɗi! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Na rungume mai ƙosai, matar da rabona da gaisawa da ita tun wata rigima da muka yi a kan awara. Tsofaffi na kabbara, yara na tsalle, Baban Rukayya ya manta da birki sai da ya shiga kunyar wake. Ya fito yana ihu, "Ni na tayar da shi! Ku shaida, ni na tayar da shi!" Muka yi ta kallon Shamuwa yana zagaye yana ƙanƙancewa, daga girman shirwa ya koma na tsada, har wuyanmu ya gaji, sannan sama ta haɗiye shi.

Da hantsi kowa ya zama masani. Mai shayi na bayanin yadda sola ke aiki, wani tsoho na rantsuwa har yanzu yana hango shi, alhali hankaka yake nunawa. Ni kuwa duk wadda ta zo gaishe ni sai na gaya mata laimata na can sama da gajimare. Wace tela ce a duk ƙasar Gaya ɗinkinta ya taɓa kaiwa nan?

Ana wata ga wata. Bayan azahar na kai musu abinci rumfa, na tarar ba mai magana. Ummu Salma ta ƙura wa kwamfuta ido, ta ciji leɓe kamar yadda take yi tun tana ƙarama in za ta yi kuka. Zulkiflu ko madallarsa ta ƙare.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Ba ya hawa yadda ya kamata, Yaya Naja. Dole kafin rana ta faɗi ya kai ƙololuwa ya kuma cika batirinsa, don da daddare gangarowa yake yi a hankali har gari ya waye. Yanzu yana cin wuta da yawa, hawan kuma kaɗan. A haka ba zai kai asuba ba."

Zulkiflu ya ce, "Kamar an ɗora masa kaya. Lissafi na nuna ƙarin kusan rabin kwanon gero. Amma a gaban kowa muka auna shi."

Farfesa Khaula ta cire gilashinta ta goge ta mayar.

Rabin kwano. Luguden jiya. "Uhm." Na juya a hankali na kalli Iya, tana zaune a tabarma a inuwar rumfa tana jan carbi, fuskar nan fes kamar jaririya.

Na ce, "Iya, dakuwar jiya ina take?"

Ta ce, "Wace?"

"Iya!"

Ta ajiye carbin ta gyara zama. "To, sai me? Yaro zai yi tafiyar da ba a san ranar dawowarsa ba, ga sanyi, ga dare, ku ce ya tafi aljihu ba komai? Ku ba ku da tausayi? Dakuwa ce 'yar kaɗan, da dabino, da ƙuli-ƙuli. Na so in sa kilishi, wurin ne ya ƙi."

Sai Zulkiflu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Baban Rukayya ya fita da gudu, muna jiyo shi a bayan rumfa yana shaƙewa. Wallahi har Farfesa na ga kafaɗarta na motsi. Ummu Salma ta dafe kai, dariya da hawaye suka haɗe mata, ta ce, "Iya, kin kashe ni! Na hana a shafa masa fenti, ke kin ba shi ƙuli-ƙuli!"

Zulkiflu ya miƙe yana share ido. "Madalla! Ai abin ya zo da sauƙi. A saki aljihun yanzu, nauyi ya tafi, da sauran rana." Ya kalli Farfesa, ta ce sakin aljihu dama yana cikin gwaji, yau ko gobe duk ɗaya ne a wurinta. Ummu Salma ta kai hannu kan kwamfuta.

Iya ta ce, "Kul."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma hannun Ummu Salma ya tsaya cak.

"Ba a ƙwace wa matafiyi guzuri a hanya. Ban yarda ba."

"Iya, inji ne fa, ba ya ci. In ba a zubar ba zai sauko, in ya sauko ni ce zan tafi."

"Na sani." Iya ta sunkuyar da kai. "Sau ɗaya na bar matafiyi ya fita daga gidana aljihu ba komai. Sau ɗaya tak."

Dariya ta ɗauke. Baƙi ba su gane ba, mu mun gane. Baba fataucin gyaɗa yake yi zuwa kudu. Ranar tafiyarsa ta ƙarshe mota ta zo da wuri, dakuwar Iya na turmi ba ta haɗu ba. Ta ce ya jira, ya ce, "Iya bar shi, sauri muke, ni zan kawo miki tsaraba." Motar ba ta kai ba. Iya ta san kwana ne ya ƙare, ita ce ma ke yi wa mutane wa'azin haƙuri, amma zuciya ba ta jin karatu. Tun ranar ba wanda ya sake fita ba guzuri, kuma tsaraba ba ta sake shiga bakinta ba.

Ummu Salma ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Na san ƙanwata. Maɓallin na gabanta, ba mai hana ta, amma ba za ta danna a kan hawayen Iya ba ko da aikin zai rushe. Zulkiflu na kallon rana yana kallon kwamfuta, inuwar rumfa kuwa sai ƙara tsawo take. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan rufe da faɗa, tsohuwar ko injiniyar. Na buɗe baki zan zazzaga masifa, sai wata magana daban ta fito.

Na ce, "Tsaya tukuna. Ummu Salma, yanzu Shamuwa yana ina?"

"Ya wuce gajimare tun ɗazu."

"Wato ya isa garin da aka aike shi?"

Ta kalle ni, idonta ya ɗan buɗe. "Ya isa unguwar, Yaya Naja. Gidan ne bai shiga ba."

Na durƙusa gaban Iya. "Iya, kin ji. Ya sauka lafiya. To in matafiyi ya isa, ya ga mai zuwa gida, me yake yi in ɗan halak ne? Abin da ke aljihu in za a tafi shi ne guzuri. In daga can ya taho gida kuma, sunansa tsaraba. Ba wanda zai ƙwace masa komai. Shi ne yake so ya aiko miki, ke kika tare hanya."

Iya ta kalle ni. Ta ce, "Ke dai bakinki ya fi kekenki gudu."

"Gado na yi."

Ta juya wajen Ummu Salma. "Da gaske ya isa lafiya?"

"Lafiya lau, Iya. Ga shi nan yana gaishe ki." Ta nuna mata wani ɗigo kore a kwamfuta.

Iya ta miƙa hannu aka tashe ta. "To ba ke za ki karɓa ba. Ni aka aiko wa."

Ummu Salma ta juya akalar Shamuwa zuwa inda iska za ta kawo aljihun kan gonaki, ba kan gidajen mutane ba. Sannan ta kama yatsan Iya, wanda lalle ya rine, ta ɗora a kan maɓalli. Iya ta yi bismilla ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo. Muka zuba wa ɗigon ido. Can sai Zulkiflu ya daka tsalle har kansa ya bugi rumfa. "Yana hawa! Madalla! Wallahi yana hawa!"

Aljihun na da 'yar na'urar da ke nuna inda yake, don haka Zulkiflu ya ɗauki wayarsa muka ɗuru a bas. Ni a gaba, mai ƙosai da ludayinta, mai shayi, da wasu mutane da har yau ban san su ba. Muna shirin tashi sai ga Farfesa Khaula ta tattare zaninta ta shigo ta matse a baya. Baban Rukayya ya ja mota, babura suka biyo mu kamar rakiyar amarya. Zulkiflu na ihu, "Dama! A'a, hagu! Iska ta juya!" Baban Rukayya na cewa, "Malam, gona ce a hagun!" Ni na fitar da kai ta taga ina leƙen sama, ɗankwalina ya tafi, ban ko waiwaya ba. Muka keta ta gefen kasuwar Ajingi, mutane na tambayar lafiya, mai ƙosai na amsa musu, "Tsaraba za mu tara daga sama!" Wasu suka bar cinikinsu suka bi mu.

Ni na fara hango ta. 'Yar laimata, ja da fari, ta buɗe ɓul-ɓul tana lilo tana saukowa kamar ba ta da gaggawa. Na yi ta dukan kafaɗar Baban Rukayya ina cewa, "Ɗinkina ne! Kalli kalmasa! Ko zare ɗaya bai saki ba!" Ya ce, "Za ki kayar da mu, baiwar Allah!"

A kan tarin harawar wani manomi ta sauka, Ɗantani sunansa. Kafin mu ƙarasa ya riga ya rungume akwatin ya sunsuna shi. Ya ce, "Kada wanda ya matso. Shekarata nawa ina jin ana cewa tsuntsu daga sama gasasshe, yau Allah ya nuna mini, har da ƙamshin dakuwa."

Na ce, "Malam, saƙon wata tsohuwa ne."

"Daga sama?"

"Daga jikanta."

Ya kalle ni, ya kalli taron da ke bayana, ya kalli sama. Ya ce, "To ni zan kai mata da hannuna. A gonata ya sauka, tukwicin nawa ne." Haka muka ƙara fasinja. A hanya ya ce akwatin na ƙona masa cinya da sanyi, kowa ya riƙa miƙo hannu yana taɓawa yana ihu. Farfesa ma ta taɓa, ta ƙyalƙyale da dariya har gilashinta ya zame.

Gab da magariba muka isa. Ɗantani ya durƙusa ya miƙa wa Iya, ta ba shi goro da albarka. Ta zaro ƙullin daga akwatin, a cikin tsohon ɗankwalinta, har yanzu da sanyinsa. Kowa ya miƙa wuya ana jiran rabo. Sai ta sa shi a cinya ta rufe da mayafi, ta ce sai ta ji yadda mai aiken ya kwana.

Yadda muka kwana kada ku tambaya. Da asuba gonar ta sake cika, amma wannan karon ba mai shayi ba mai ƙosai, kowa ya yi jugum a bayan Ummu Salma. Ɗigon nan kore ya gangaro ƙwarai cikin dare, batirin saura ƙiris. Gabas ta yi ja. Mu a ƙasa ba mu ga rana ba tukuna, amma shi da yake can sama ya riga mu ganinta. Ummu Salma ta ce da wata siririyar murya, "Ya fara ci." Ɗigon ya tsaya. Sannan ya ɗaga.

Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a Kademi. Farfesa Khaula ta bari aka lafa, ta zo ta durƙusa gaban Iya ta ce, "Iya, tasha ta zauna a Gafasa. Sai dai ina roƙon arziki, nan gaba a riƙa nuna mini guzurin kafin a sa."

Iya ta ce, "Dabino ɗaya ma ya isa, in dai ba a tafi haka ba."

Ummu Salma ta ce, "Na yarda. Zan rage zaren Yaya Naja in sa dabinon."

Na ce, "Ki taɓa mini kalmasa ki gani."

Iya ta kwance ƙullin. Ta gutsura dakuwar tana miƙa wa kowa, Zulkiflu, Baban Rukayya, Farfesa, har Ɗantani da ya dawo da sassafe wai ya zo duba lafiyar jirgi. Saura ɗan guntu a tafin hannunta. Na miƙa hannu, don na saba in ta raba tsaraba ragowar tawa ce. Sai na ga ta kai bakinta.

Ni da Ummu Salma muka kalli juna. Iya na taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Ta haɗiye ta ce, "Ta daɗe a hanya. Amma ta iso."

Ummu Salma ta kifa kai a cinyarta tana kuka kamar ba injiniya ba. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, har da majina. Iya ta dafa kan yarinyar, ta ɗago ta harare ni.

"Ke kuma kin tsaya kina buɗe baki. Ayar nan da ke ƙarƙashin gadona, je ki jiƙa ta. Kunu za a yi, a sha a gida."